Tafiya Kurfai: inda na koyi auren lemu

A wannan wata zan ba ku labarin tafiyar da na yi ƙasar Kurfai a ƙarshen watan 9, lokacin da hatsi ya nuna. Ba yawo ya kai ni ba. Bashi na je biya.

Shekara 5 da suka wuce na sayi dashen lemu 12 a bakin hanya a Yamai. Mai sayarwa ya rantse mini duka tanjalo ne mai aure. Na kai wa kawuna da ke da garka kusa da Filinge. Kawu ya haƙa ramu, ya zuba taki, ya yi shingen ƙaya saboda awaki. Shekara 4 shi da ɗiyansa suna jan wasaki suna ba itatuwan ruwa. Da suka yi ɗiya, sai ga lemu mai kaurin ɓawo, mai tsami, ko yara ba su so. Kawu bai ce mini kome ba. Amma taubashina, ɗan kawu, kowace salla sai ya kira ni a waya ya ce: "Mushe, yaushe za ka zo ka sha tanjalonka?" Bana ya ƙara da maganar da ba ta wasa ba. Ya ce da an ɗaure dammunan hatsi zai sare itatuwan ya tafi bida. Shi kaɗai ne saurayin da ya rage a gidan.

Bara wani malamin gona ya duba itatuwan. Ya ce ba asara ba ce, irin lemun da ake ɗora aure a kansa ne. Ya sa kawu ya shuka ƙwayarsu cikin leda 40. Ya kuma ce da faɗuwar damana a datse wasu rassan manyan don su yi sabon toho. An yi haka. Abin da ya rage shi ne a samo idon tanjalo na ƙwarai, da hannun da ya iya.

Hanya

Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne, gabas maso arewa. Mun tashi ran Lahadi da sassafe. Bayan kusan kilomita 100 muka isa Baleyara, muka tarar da kasuwa ta ci: raƙuma, shanu, tumaki, tabarmi, Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawa kowa da harshensa. Daga nan hanya ta bi Dallol Boso. Dallol tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun kafin kakanni. Ya gangaro daga Azawak, ya je ya haɗu da kogin Kwara a Bumba. Ruwa ba ya gudu a samansa, amma yana nan kwance ƙarƙashin rairayi. A kan tudu sabara da geza kawai za ka gani. Da ka sauka cikin kwari sai ga gawo da goriba da aduwa, ga rijiyoyi marasa zurfi.

Da hantsi muka isa Bonkuku, babban garin Imanan. An san garin da dankalin turawa, wanda ake kaiwa Yamai mota-mota lokacin ɗari. A nan kuma ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, take da gonar itatuwan marmari. Garka ta daɗe a wannan kwari, amma ta ƙara yawa bayan farin 1984, sa'ad da gwamnatin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a wannan yanki, ta yi kira ga jama'a su kama noman rani.

A garkar tsoho

An kwatanta mini wani tsoho Bakurfaye da ya daɗe da zama can. Na same shi ƙarƙashin iccen lemu yana wasa wuƙa. Na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya same ni. Ya yi dariya ya ce:

"Mushe, ba kai ɗaya anka yi wa haka ba. Ko ba a yi auren ba sam, ko an yi amarya ta mutu, gindi ya ci gaba da girma. In za ka sayi dashe, duƙa ka duba. Kamar taki guda daga ƙasa za ka ga tabo, icce ya ɗan karkace. In babu tabo, babu aure."

Na ce: "Baba, me ya sa ba za a shuka ƙwayar lemu mai zaƙi kawai a huta ba?"

Ya ce ƙwayar lemu sau da yawa takan biyo uwa, amma tana da aibi uku. Na fari jinkiri: sai shekara 6, 7 ko fiye kafin ta yi ɗiya, alhali mai aure yana farawa a shekara ta 3 ko ta 4. Na biyu ƙaya mai yawa. Na uku, saiwar lemun zaƙi ba ta jure ciwon ƙaro, wanda ke sa gindin icce ya yi ta zubar da danƙo har ɓawo ya ruɓe. Shi ya sa ake haɗa biyu: gindi mai ƙarfi daga ƙasa, iri mai daɗi daga sama.

Ga gindin da aka fi sani. Akwai wanda malaman gona ke kira Bolkameriyana: yana girma da sauri, yana son rairayi, yana yin ɗiya da yawa, sai dai zaƙinsu yakan ɗan ragu. Akwai Rangifur da Kilewofatra, waɗanda suka fi jure ruwa mai gishiri. Wannan abin lura ne a dallol, don wasu rijiyoyi suna da kanwa, lemu kuwa ba ya shiri da ita. In ka ga bakin ganye yana ƙonewa, ka ɗanɗana ruwan rijiyarka. Akwai kuma lemu mai ɗaci da ake kira bigarad. Yana jure ciwon ƙaro, amma akwai wata cuta, tiristeza, da ke kashe lemun zaƙin da aka ɗora a kansa. Tsakanin 1930 da 1950 ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Birazil. Cutar tana bin ido da reshen aure, wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ganye kuma suna yaɗa ta. Saboda haka kada a karɓi reshe daga iccen da ba a sani ba.

Tanjalon da muke so ɗin nan ma baƙo ne. Irin da ake kira Orlando an samo shi a 1911 a jihar Fulorida ta Amurka, da aka haɗa pomelo da mandarin. Daga ido zuwa ido, daga hannu zuwa hannu, ya zo har garake irin na Gaya da na dallol. Kowane icce nasa da ka gani, yanki ne na iccen farko.

Wane lokaci?

Na tambayi tsoho lokacin da ya fi. Bai amsa ba. Ya kama wani dashe, ya ɗan tsaga ɓawo da bakin wuƙa, ya ɗaga. Ɓawon ya saki nan da nan, ƙarƙashinsa fari mai laima.

"Ka gani? Icce shi ka faɗin lokaci. In ɓawo ya saki, shina so. In ya liƙe, mayar da wuƙa kube."

Daga nan ya lissafa mini shekara kamar haka:

Watan 12 da watan 1, lokacin ɗari: iska busasshe ne, icce ya rage aiki, ɓawo yakan liƙe. Ba lokacin sa ido ba ne.

Watan 3, 4 da 5, bazara: zafi yana wuce digiri 40. Ido yana bushewa kafin ya kama. Tsoho ya ce wata shekara ya yi gaggawa a watan 4, kusan duka suka ƙone, ya yi asarar wahalar shekara guda.

Ƙarshen watan 6 da watan 7, farkon damana: iska ya yi laima, icce ya farka. Lokaci ne mai kyau, kuma tohon zai samu damana ya girma.

Watan 8, tsakiyar damana: in ruwa ya shiga tsaga, ido yakan ruɓe. Wanda ya yi a lokacin ya ɗaure sosai.

Watan 9 da farkon watan 10, ƙarshen damana: lokaci na biyu mai kyau. Ruwa ya ragu, laima ba ta tafi ba. Amma kada a makara, don a ba toho dama ya yi ƙwari kafin iskan ɗari.

A cikin yini kuwa, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya. Ba a aure da tsakar rana, ba a yi ana iska, ba a yi ana yayyafi.

Shi ya sa ya ƙi yanka mini rassa sai da rana ta yi sanyi. Ya kai ni wurin wani tanjalo da ya daɗe yana sha. Bai taɓa sabon toho mai laushi mai kusurwa ba, bai taɓa tsohon reshe ba. Ya zaɓi waɗanda suka yi kauri kamar fensir, zagayayyu, kore, masu idanu kwance da ba su tsiro ba. Nan take ya yanke ganyen, ya bar ɗan guntun ƙafar kowane ganye. Ya naɗe su cikin tsumma mai laima, ya sa a leda. Ya ce a ajiye su kusa da randa, kada su wuce kwana 2. Da ya ga yadda nake riƙe wuƙa, sai ya girgiza kai, ya kira jikansa ya ce ya bi ni Filinge.

Filinge

Mun shiga gari kafin magariba, don a shekarun nan ba a tafiyar dare. Rashin kwanciyar hankali a wajen iyakar Mali ya taso mutane da yawa daga ƙauyukansu, sun zo sun zauna a Filinge da Abala. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Filinge ita ce zuciyar Kurfai. Gari ne na gidajen ƙasa, ga duwatsu jajaye a gefen kwari. Mutanensa Hausa suke yi, amma da yawa suna jin Zabarmanci, kasuwa kuma ta haɗa su da Buzaye. Sarautar ƙasar ita ce Mayaƙi, kuma har yau ana ambaton Gado Namalaya, wanda ya riƙe Kurfai a farkon zuwan Turawa. Kamar kilomita 20 arewa akwai Tukunus, inda tun 1954 ake kiwon shanun Azawak ana zaɓen iri. Kawu ya ce: "Mu nan mun san bijimin ƙwarai shi ka gyara garke. To, icce ma haka na."

Amma Filinge ba Gaya ba ce. Ruwan sama a nan wajen milimita 350 zuwa 400 ne a shekara, babban iccen lemu kuwa yana bukatar kusan 1000. Sauran daga rijiya zai fito. Mutanen Kurfai sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yunwar 2005. Sun san darajar wasaki guda. Wanda ba shi da rijiyar da ke kaiwa bazara, kada ya dasa lemu.

Aikin safe

Kwana 5 kafin zuwana na yi waya a riƙa ba dashen ruwa sosai, don ɓawo ya saki. Bayan sallar asuba muka nufi garka, ni da kawu da taubashina da yaron. Dashen leda sun yi wata 11, sun kai kaurin fensir. Yaron ya ware guda 6 masu rama da masu karkace, ya ce waɗannan ba su cancanci wahala ba. Ga yadda ya yi da sauran:

1. Ya wasa wuƙa har tana aski. Ya goge ta da ruwan jabel da aka sirka. Yana sake gogewa in zai canza icce.

2. Ya cire ganye da ƙaya daga ƙasan dashe, ya goge ƙura. Ya auna santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa. In aka yi aure ƙasa-ƙasa, laka za ta fantsama a kansa, ciwon ƙaro ya shiga. Ya zaɓi gefen da rana ba ta duka sosai.

3. Ya tsaga ɓawo a tsaye, santimita 3, ya gitta wata tsaga ta santimita 1, kamar harafin T. Ɓawo kaɗai ya yanka, bai shiga cikin icce ba. Ya ce da damana ana kifa harafin, gittar ta koma ƙasa, don ruwa ya zurare.

4. Ya ɗauki reshen tanjalo, ya sa wuƙa santimita 1 ƙasa da ido, ya zare ta a hankali har santimita 1 sama da shi. Yankin ya fito siriri kamar garkuwa. Ya riƙe shi ta guntun ƙafar ganye. Bai taɓa cikin da yatsa ba.

5. Ya zura shi ƙarƙashin ɓawo nan da nan, ido yana sama da ƙafar ganye kamar yadda yake a jikin uwarsa. In aka juya shi kai ƙasa, an yi aikin banza.

6. Ya naɗe da tsirin leda mai faɗin yatsa, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye yana hawa kan na baya. Ya ɗaure tam, iska ba ta shiga, ruwa ba ya shiga.

Duka bai fi minti 2 ba. Ya yi 14 muna kallo. Sai ya miƙa wa taubashina wuƙa, ya yi 10. Ni ma na yi 10, na yanke yatsa a na uku. Taubashina ya ce: "Mushe, alƙalami daban, wuƙa daban."

Daga nan muka koma kan manyan itatuwa 12. Rassan da aka datse da faɗuwar damana sun yi sababbin toho masu kaurin yatsa. A kowane icce yaron ya zaɓi 3 ko 4 da suka fuskanci gefe daban-daban, ya sa musu ido. Ya bar reshe guda babba da ganyensa don ya ciyar da saiwa ya kuma yi inuwa. Ya ce a shafa wa jikin iccen farar ƙasa saboda rana. Saiwar shekara 5 tana nan, ba a yi asararta ba. Irin wannan icce yakan fara ɗiya cikin shekara 2.

In ɓawo ya ƙi saki kuma aiki ya matsa, akwai wata dabara: a fere ɗan yanki a jikin gindi, a yanko ido da ɗan iccensa daidai girman wurin, a liƙa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a ɗaure. Amma wannan sai hannu ya faɗa.

Bayan aure

Kafin ya hau mota yaron ya bar wa taubashina wasiyya. A ci gaba da ban ruwa, a bar dashe cikin inuwar rumfa. Bayan kwana 15 zuwa 21 a kwance leda. In ido kore ne, guntun ƙafar ganye ya faɗi da an taɓa shi, ya kama. In ya yi baƙi, a sake wani a ɗaya gefen tun ɓawo yana saki. Wanda ya kama, a yanke kan gindi santimita 10 sama da ido don ƙarfi ya koma wurinsa. In toho ya fito a ɗaure shi da wannan guntun ko da kara, saboda iska. In ya kai taki guda ya yi ƙwari, a yanke guntun daf da aure. In ya kai santimita 70, a tsinke kansa, a bar rassa 3 ko 4. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babban abu shi ne ɓarayi, wato tohon da ke fitowa ƙasa da wurin aure. Na gindi ne, sun fi ƙarfi. A cire su kowane mako tun suna ƙanana. In an bar su, su za su ci ruwan, amarya ta bushe, a koma gidan jiya.

Wajen dasawa, a jira damana. Rami santimita 80 kowane gefe, a cuɗa ƙasa da taki ruɓaɓɓe, don ɗanyen taki yana kiran gara. A bar mita 6 ko 7 tsakani. Kada a binne wurin aure. A yi ɗan tudu kewaye da gindi, ruwa ya tsaya a kwarin waje, kada ya taɓa jikin icce.

Ga waɗanda ke kan tudu ba su da ruwan lemu, akwai magarya. Cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa aurar da magaryarmu da irin Indiya, kamar wanda ake kira Gola, mai manyan ɗiya. Shi ake kira tuffar Sahel. Ba ya bukatar ruwa kamar lemu. Amma ku sani, lemu sai a kan lemu, magarya sai a kan magarya.

Labarin da ya biyo ni

Mako 3 bayan komawata Yamai taubashina ya kira. Cikin 14 na yaron, 13 sun kama. Cikin nasa 10, 7. Cikin nawa 10, 4. Ya maimaita lissafin nawa har sau biyu. Manyan itatuwa kuwa, 10 sun samu ido kore aƙalla biyu, sauran 2 an sake musu. Bai ce ya fasa tafiya bida ba, ni ma ban tambaya ba. Amma bai sare kome ba. Ya ce maƙwabta biyu sun roƙe shi ya aurar musu da nasu a watan 7, za su biya. Ya kuma ce in aiko masa da leda 100.

Ƴan uwa, wanda ke son yin aure a damana mai zuwa ko a ƙarshenta, yanzu zai fara. Ku samu nunannen lemun gindi, ku wanke ƙwaya, ku sha mata iska a inuwa, kada ta bushe ƙarau, ku shuka da wuri a zurfin santimita 1 ko 2. Cikin mako 3 ko 4 za ta tsiro. Ku nemi malamin gona na garinku ya nuna muku iccen da za ku ɗebi ido. Ku koyi yanka a kan rassan banza kafin ku taɓa dashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.